Jan Zaren da Baba Ya Warware

'Ya'yana, na san abin da Anti Talatu take gaya muku duk ranar da aka buɗe akwatin ƙarfen nan aka fito da zanen Kaka. Takan ce ni ce na cinye wa mahaifinmu ido da bakina. Ban taɓa yi mata musu a gabanku ba, domin yayata ce, kuma akwai ɗan abin gaskiya a maganarta. Sai dai a shekarar da abin ya faru tana Kumasi gidan mijinta, labari ne ya same ta a can, ni kuwa a kaina aka yi. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni, bari in rubuta muku yadda aka yi, ku daina kallon zanen kuna kallona ta wutsiyar ido.

Kakanku Ishaya tela ne a unguwar Maamobi, cikin Accra. Shagonsa na katako yana jingine da bangon gidan da muke haya, ba nisa da babbar kwatar da ke tsakaninmu da unguwar Nima. Daga wani ƙauye na wajen Bawku ya gangaro Accra yana saurayi, da tsaga a kumatunsa, bai san ko baƙi ɗaya ba. Sai da ya yi gemu ya koyi karatu a wurin wani mai bishara, daga nan kuwa duk takardar da ta faɗo hannunsa sai ya ga ƙarshenta, ko da ta ƙunshin ƙosai ce. Hausar Zongo yake yi, ta unguwannin baƙi 'yan arewa, mai "paa" da "koraa" wajen ƙarfafa magana da "yoo" a madadin "to", wadda kuma ba ruwanta da mace ko namiji. "Kai" yake ce mini, "kai" yake ce wa mahaifiyarmu Mma. Ita kuwa Mma 'yar ƙasar Zazzau ce, ta yi shekara talatin tana gyara masa Hausa kafin ta haƙura ta koma kan tukunyar wake da shinkafarta. Mu kaɗai ne Kirista a gidan mai ɗaki goma sha huɗu. Da Sallah namanmu ya fi na kowa yawa, domin kowane ɗaki sai ya aiko, da Kirsimeti kuma Mma ba ta yanka kaza da kanta, sai ta kira maƙwabci ya yanka don kowa ya iya ci.

Majami'armu ta katako ce da kwano, a cikin lungun Nima. Yawancin masu zuwa masu gadi ne da 'yan dakon doya na kasuwar Agbogbloshie, mutanen arewa da Hausa ta haɗa su, kuma ba su kai biyar ba waɗanda suka iya karatu. Saboda su Baba ya ɗinka zanen. Shekara kusan ashirin yana tara ragowar ƙyallayen da suka faɗo daga almakashinsa, yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama dogon abu mai faɗin taku biyu, wanda in an warware shi yakan tashi daga ƙofar ɗakinmu ya kai bakin famfo. Tarihin duniya ne gaba ɗaya. Ya fara da farin yadi, wato ranar da Allah ya yi haske, sai koren gonar farko, sai wani baƙi siriri na maciji, sai shuɗin ruwan tsufana. Masar ruwan ɗorawa ce mai ƙyalli. Babila karan-miski ce da ya samu daga rigar wani ango. Farisa da Girka suna nan, Rum kuma ruwan toka ce mai kauri. A tsakiya akwai wani ɗan guntun akoko da bai kai tafin hannu ba, da gicciye a kansa. Bayan wannan sai ulun kwat na ƙasashen Turawa, sai farin yadin masu bishara, sai tutarmu. Kuma tun daga farin yadin farko har ƙarshe, a bakin sama, akwai jan zare guda da ya ɗinka da hannu, wanda yake kira alkawarin Allah.

Kowace Lahadi bayan azahar mutanen sukan cika tsakar gidanmu, su riƙe zanen a hannuwansu a jere, Baba yana tafiya a gabansu da tef ɗin awo a wuya.

"Ku taɓa wannan," in ji shi. "Babila ke nan. Ya yi kyau paa, ko ba haka ba? To ga inda ya fara, ga kuma inda almakashi ya same shi. Kowane sarki haka ne, yana da baki biyu. Yanzu ku nemo mini inda jan zaren nan ya yanke."

Sai su bi da yatsunsu masu kanta, su nema su rasa, domin ya iya ɓoye ƙulli. Ina ƙarama nakan zauna ina kallon fuskokinsu. Mutane ne da suka yi mako guda suna buɗe wa manya ƙofa ba a ko dube su ba, amma a nan suna riƙe da Fir'aunan Masar a tafin hannu, suna ganin inda aka datse su. Duk lokacin da sojoji suka yi juyin mulki, Baba yakan ƙara ɗan siririn kaki a ƙarshe, yana ƙunƙuni cewa mutanen nan za su ƙarar masa da kaki. Abokinsa Alhaji Mumuni, mai sayar da yadi a bakin titi, wanda rabin ƙyallayen daga wurinsa suka fito, yakan leƙo ya tsokane shi. Baba ya sa masa koriyar shadda a wurin daulolin Musulunci, amma kullum Alhaji sai ya auna ta da hannu.

"Ishaya, ka cuce mu. Shekara dubu da wani abu, ka ba mu taku ɗaya?"

"Kawo shadda, in ƙara maka."

Ban taɓa ganin malamin tarihi kamar mahaifina ba, ni da na yi shekara talatin da biyu ina koyar da tarihi. Amma a lokacin da nake ba ku labari ban san haka ba. Shekarar da sojoji suka rushe kasuwar Makola ce. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ina kwalejin horon malamai, kaina ya cika da littattafai har ba na ganin ƙasa. A wannan zangon aka kai mu ziyara wani tsohon ginin Turawa na bakin teku, inda ake tara bayi kafin a zuba su a jirgi. Aka shiga da mu ɗakunan ƙasa masu duhu da wari. Daga nan aka hau da mu bene, aka nuna mana ɗakin da masu ginin suke sujada, daidai bisa kan kurkukun. Na tsaya a wurin. Na tuna da labarin da Baba ya taɓa ba mu sau ɗaya tak, na kakarsa da mahara suka ɗauke tana yarinya suka sayar a kasuwar bayi ta Salaga, a kan hanyar da aka riƙa kora waɗanda suka riga ta har zuwa teku. Na tuna jan zaren nan yana tafe abinsa a kan ulun kwat. Na dawo gida hutu da wuta a cikina.

Da ina da hankali, da na same shi a shago mu biyu. Ban yi haka ba. Na bari sai Lahadi, tsakar gida ta cika, ya kai wurin ulun yana bayanin yadda bishara ta hau jirgi ta zo mana, sai na miƙe daga bakin murhu.

"Baba, ina Salaga a zanen nan?"

Kowa ya juyo. A Zongo 'ya ba ta katse ubanta a gaban maza, balle ta tuhume shi. Mma ta kira sunana sau ɗaya a hankali, na yi kamar ban ji ba.

"Ina kakarka? Jirgin da ya kawo zaren nan naka, shi ne ya kwashe mutanenmu. Na gani da idona. Suna waƙar yabo a sama, mutane suna mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ka ɗinka sarakunan duniya duka, ba ka bar wa uwar uwarka ko faɗin yatsa ba."

 Baba ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya dubi zanen. Na zaci zai daka mini tsawa, kuma na shirya amsa. Sai ya karɓi bakin zanen daga hannun wani tsoho mai gadi, ya fara naɗewa.

"Yoo," in ji shi. "Ladi, kai ka gani, ni ban gani ba. Za ka kai ni."

Ranar Laraba muka hau mota. Bai taɓa fita Accra ta yamma ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa sujada da takalminsa na fata. Da mai yi wa baƙi jagora ya kai mu ƙofar ɗakin ƙasa, sai Baba ya sunkuya ya tuɓe takalmi, kamar yadda muke yi a ƙofar babba. Mutumin ya ce masa, tsoho, mayar da takalminka, ƙasan nan ba shi da tsabta, abin da kake takawa ba dutse ba ne zalla, ƙazantar bayin ce ta daskare a kai. Baba ya ce ya ji. Ya shiga ba takalmi, ya bi bango yana shafawa da tafin hannu, yadda yake shafa yadi in yana son sanin irinsa. Ya daɗe ƙwarai. Da muka hau bene zuwa ɗakin sujadar kuwa, da takalminsa ya shiga, ya tsaya a tsakiya, ya dubi ƙasa, ya fito. Na lura da wannan, amma ban gane komai ba. A hanyarmu ta dawowa Maamobi ya saya mini rake a tasha.

Lahadi ta zo, mutane suka taru, Baba ya aika a ce musu ba ya jin daɗi. Ta biyu ma haka. Ya ci gaba da zuwa majami'a, amma yakan zauna a bencin baya, ba ya waƙa. Addu'ar safe da yake ja mana kafin Mma ta ɗora tukunya, ya bar wa Mma. Zanen yana naɗe a kan kabad, ƙura tana hawa. Mako shida aka yi haka. A nan ne tsoro ya kama ni. Ni so nake in ci gardama, ban taɓa tunanin zan iya rushe abin da mutumin nan yake tsaye a kai ba. Na rame. Wata safiya ina taya Mma tsince wake, na ce mata zan je in roƙe shi gafara, in ce ƙuruciya ce.

"Ƙarya kika yi masa?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"A'a."

"To ki ba shi haƙuri a kan rashin kunyar, wannan kam kin yi ta. Amma kada ki kuskura ki janye maganar. Ubanki ba yaro ba ne da za a ɓoye masa wuƙa."

Na je na durƙusa a ƙofar shago. Ya ce ya yafe tun ranar, ya ci gaba da taka keken ɗinki. A makon ne Alhaji Mumuni ya zo da hantsi, ya zauna a bencin shago, ina ciki ina ɗaura maɓalli. Ya yi ta jan hira, Baba yana amsawa da ka. Can sai Alhaji ya ciro wani ƙunshi daga aljihu ya ajiye a kan teburin yanka. Guntun tsohuwar riga ce ta saƙi, shuɗiya, da ragowar aiki a jikinta.

"Ta kakana ce," in ji shi. "Fatauci ya yi a Salaga. A gida goro kawai ake faɗa mana. Amma ni na san ba goro kaɗai ya saya ba. In za ka sa Salaga, kada ka ɗora wa Bature shi kaɗai. Ka sa mu."

Baba ya tsayar da keke. Ya ɗauki guntun ya juya shi, ya dubi abokinsa. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, kuma Alhaji ya yi kamar yana gyara hula don kada ya gani.

Washegari ya sauko da zanen, ya kira ni. Ya ce in riƙe masa baki ɗaya. Ya ɗauki reza ya sa a ƙarƙashin ɗinkin farko na jan zaren, a kan farin yadin nan, ya tsinke. Na yi ƙara, na riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah kada ka lalata. Ni ce na yi kuskure."

"Kai ba ka yi kuskure ba koraa. Ni ne na yi. Na bi da zaren ta sama, wurin masu mulki, kamar su ne suka ɗauko shi. Wanda muke bi, a ɗakin dabbobi aka haife shi, kisan bayi kuma aka yi masa. Ranar da suke waƙa a bene, kana tsammani yana wane ɗaki?"

A nan na gane takalmin. Na zauna a ƙasa na yi kuka har Mma ta fito da ludayi a hannu.

Ga abin da Anti Talatu ba ta sani ba. Tun kafin in buɗe bakina a tsakar gida, idon Baba ya fara tafiya. Ni na raka shi asibitin ido a farkon wannan hutun, kuma a gabana likita ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, ko ya yi ɗinki ko bai yi ba ganin zai tafi, sai dai in ya huta zai fi jin sauƙin ciwon kai. Baba ya hana ni faɗa wa kowa. Saboda haka ba bakina ya ɗauke masa ido ba. Abin da bakina ya yi shi ne ya nuna masa inda zai kashe ɗan ganin da ya rage. Wannan kam na ɗauka, kuma na san abin da ya ci. Ya mayar wa mutane yadinsu na Kirsimeti, abin da tela ba ya yi, wasu ba su sake dawowa ba. Shagon bai ƙara tashi ba daga wannan shekarar, tukunyar Mma ce ta riƙe gidan.

Ya aika wurin 'yan dakon Agbogbloshie suka kawo masa tsofaffin buhunan algarara. Ya wanke, ya yanka su dogaye, ya ɗinka su a bakin ƙasa na zanen tun daga Masar har tutarmu, ƙarƙashin kowace masarauta. Ya ce waɗannan su ne masu yin tubali, da kamammun yaƙi, da masu tuƙa jiragen sarakuna, waɗanda ba a rubuta sunansu ba. Ya tsaga ulun kwat gida biyu ya buɗe wa ƙasarmu wuri. Ya sa ni na zauna ina ba shi labarin Mali da Songhai da Asante da Kano daga littattafaina, yana zaɓa wa kowace ƙyallenta, yana yi mini tambayoyin da malamaina ba su taɓa yi ba. A wurin Salaga ya sa guntun rigar kakan Alhaji, a ƙarƙashinsa kuma ya sa wani abu da ban san yana da shi ba, ɗan bakin zanen saƙi na kakarsa, wanda uwarsa ta ƙulla masa a kaya ranar da zai bar gida. Ɗan akokon nan mai gicciye ya ciro shi daga tsakiya ya sauko da shi cikin algarara. Sa'an nan ya ɗauki sabon jan zare ya fara daga farko, ta ƙasa. Ɗinki a kan buhu da hannu azaba ne, allura tana shigewa inda ba a aike ta ba. Yakan fito da benci tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, ya kawo zanen daf da hancinsa. Da farko shi yake zura zare a allura, daga baya ni nake zura masa. Na koma kwaleji, na dawo hutu na gaba, na tarar ya wuce Rum, yana ɗinki da yatsa fiye da ido.

Ya kai Salaga da kansa. Ya bi da zaren ta cikin zanen kakarsa, ya ɗan ɗaga shi ya kama gefen rigar kakan Alhaji da ɗinki uku, ya sake saukowa. Na tambaye shi dalili, ya ce alkawarin bai ce ban da wane ba. Bayan wannan da kwana kaɗan, wata rana da hantsi, ya soki yatsansa sau biyu a jere, sai ya ajiye hannu a cinya.

"Ladi, rana ya fito?"

"Ta fito, Baba. Tana kanka."

"Yoo. Karɓi."

Ni 'yar tela ce da ba ta iya riƙe allura ba, duk Maamobi an san wannan. Sauran taku huɗun ni na ɗinka su, yana zaune kusa da ni yana bi da yatsa, yana cewa in rage faɗi. Da na kai siririn kaki na ƙarshe na ce zan ƙulle, sai ya hana. Ya ce in soke allurar a nan, in bar zaren a jikinta.

Lahadin da ya koma koyarwa, tsakar gidan ba ta ɗauki mutane ba, har da Alhaji a bakin ƙofa yana cewa shi shaddarsa ya zo aunawa. Mma ta riƙe hannun Baba ta kai shi farkon zanen. Ya bi shi da yatsa yana faɗin sunan kowace masarauta, bai yi kuskure ko ɗaya ba, domin ya san kowane yadi da taɓawa. Amma mutanen ba karan-miski suke taɓawa ba wannan karon. Wani ɗan dako, wanda kafaɗarsa ta yi baƙi da ɗaukar kaya, ya riƙe algarar yana juyawa, ya ce wannan ai buhunsa ne, ya gane facin da ya yi masa. Baba ya ce ƙwarai, naka ne, kuma ga zaren a ciki. Ya ci gaba har ya wuce Salaga, yatsansa ya hau kan ɗinkina, ya tsaya. Ya yi murmushi.

"Nan ne Ladi ya karɓa," in ji shi. "Ya karkace paa. Amma ku duba, bai yanke ba."

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan yana koyarwa a makance, kuma duk Lahadi sai ya tsaya a wurin ya faɗi haka, mutane su yi dariya, ni ma in yi. To wannan shi ne labarin karkataccen ɗinkin da kuke nuna wa juna. Allurar da ke soke a ƙarshe kuma, wadda ta yi tsatsa har ɗayanku ya ce a cire kada ta ji wa jikokina ciwo, kada wanda ya cire ta. Ni ma yanzu ba na ganin kafarta. In kun zo da Kirsimeti, ɗaya daga cikinku ya zo da sabon jan zare.